Ambulan Mai Lamba Arba'in Da Bakwai

Anti, don girman Allah ki taimake ni kafin zuciyar nan ta kai ni ta baro ni. Ki sakaya sunana, don abin da zan faɗa ko mijina bai san rabinsa ba.

Ni tela ce, shekarata tara da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Shagona bango ɗaya ne da na wata mai kitso, bangon ma na katako, in ta yi atishawa ni ke mata addu'a. Yaya take ce min, ni kuma ina ce mata Auta. Ita ma shekara shida da aure, shiru. Abin da ya ɗinke mu ke nan. Duk wata in abin ya zo wa ɗayarmu, sai ta ƙwanƙwasa katakon sau biyu, ɗayar ta zagayo da kujera, ba sai an yi magana ba.

Wata nas da nake gyara wa kayan aiki ce ta ba ni labarin cewa asibitinsu na neman mata don wani bincike kan dashen ciki. Ni na ja Auta, Anti, ni da ƙafata! Matar da in ta ga allura sai an riƙe ta. Ni na lallashi mijinta har ya sa hannu.

Aka yi mana bayani dalla-dalla. Bayan an ciro ƙwan mace an haɗa da na mijinta, hanya biyu ce. Wasu a dasa musu a satin nan, wasu a daskarar da shi a sanyi a jira wata biyu jiki ya huta. Suka ce su kansu ba su san wadda ta fi ba, abin da suke son ganowa ke nan. Kuma ba likita ke zaɓa ba, ba ke ba. Ambulan ne a liƙe, an jera su bi da bi da lambobi a cikin akwati, duk wadda ta shiga a buɗe mata na sama.

Ranar muna zaune a benci, ni ce gaba, ita ke bi na. Tana ta cewa in ta ƙara minti biyar guduwa gida za ta yi. Nas ta leƙo ta kira mai shiga. Sai tausayi ya kama ni, na tura ta na ce ta shiga ta huta da fargaba, ai ni babba ce. Ta sami lamba arba'in da bakwai, daskarewa. Na sami arba'in da takwas, dashe nan take. Har tausayinta na ji, wai za ta sha jira. Kai, ni dai ban san abin da nake yi ba.

Nawa sati biyu ya yi ya bi ruwa. Nata kuwa yau wata biyar, har ya fara motsi.

Anti, wallahi kishi nake, ba zan ɓoye miki ba. Ambulan ɗina ne! Layina ne, lambata ce. In ta gifta ƙofar shagona tana dafe ƙugu, sai in ji kamar kayana ne ta ɗauka take yawo da su a gabana. Masu zuwa kitso suna ta yi mata barka, ni kuwa sai in taka keke da ƙarfi ba komai a ƙarƙashin allura, don dai kada in ji. Hoton da aka ɗauka mata a asibiti ma ba ta nuna min ba, a ƙasan farantin da take zuba matazai na hango shi. Ni da na kai ta, yau ni ake ɓoye wa.

Ga wanda ya fi damuna. Ta kawo atamfa in ɗinka mata doguwar riga mai sakewa. Na auna ta daidai, amma da na zo yanka, ina sane na rage inci biyu a ciki. Ta sa, ta matse ta, ta yi dariya wai ita ce ta cika ci. Har yau tana sa ta duk ranar awo. In na gan ta a ciki sai kunya ta rufe ni, amma can ƙasan raina akwai inda ke jin daɗi. Wace irin mutum na zama?

Nas ɗin nan tana ta kira na, wai akwai sauran ƙwan nawa guda biyu da suka ajiye a sanyi, in zo mu sa rana. Na daina ɗauka. Mijina cewa yake ƙaddara ce, na sani, amma ƙaddarar da hannuna na miƙa ta. Yanzu na sami shago a wani layi. In tashi in bar mata wurin, in kuma ce su cire sunana daga binciken? Ko me zan yi?

Mai Keken Ɗinki

*

'Yar uwa, sannu. Rashin da kika yi rashi ne na gaske, kuma zama bango ɗaya da mai abin da kika shekara tara kina roƙo ba ƙaramin aiki ba ne. Ba zan ce miki ki daina jin zafi ba, zuciya ba ta da ƙashi. Wadda ta iya faɗin laifinta haka ba ta lalace ba.

Amma lissafinki ya karkace. Ambulan ɗin nan takarda ce da ke cewa yaushe za a dasa. Ƙwan da ke cikin Auta nata ne da na mijinta, da ma ba zai taɓa zama naki ba. Su likitocin ma sun gaya miki ba su san hanyar da ta fi ba. A cikin masu irin lambarki akwai waɗanda ya zauna musu, a cikin masu irin tata akwai waɗanda ya zube. Daga mace biyu ba a yanke hukunci, shi ya sa suke tara ɗaruruwa. Da kin shiga gaba, babu mai tabbatar miki cewa labarin zai canza.

Ki duba ɓangarenta kuma. Macen da ke gane tsawon gashi da ido, kina zaton ba ta san an rage inci biyu ba? Ta sani sarai, ta ɗora wa cikinta laifi don ta rufa miki asiri. Hoton ma kara ce ta sa ta ɓoye. Tana jin ƙarar kekenki ta bayan katako, kuma ta fi kowa sanin abin da yake faɗi. Sai dai ita ma da laifinta, shirun ya yi yawa.

Kada ki tashi daga shagon. Ki karɓo rigar, ki farke ta ki ƙara mata ƙyalle, ki gaya mata gaskiya da bakinki, har da maganar benci. In kuka ya zo ku yi shi tare. Ki kuma roƙi nas ta haɗa ki da mai ba da shawara na asibitin, galibi ba a rasa su a irin wannan wuri.

Fita daga bincike haƙƙinki ne, babu mai tilasta ki, amma kada ki yanke wannan cikin fushi. Ki sake karanta wasiƙarki. Guda biyun da nas ke kiranki a kansu, ina suke? A sanyi, tun watanni, jikinki kuma ya huta. Hanyar da kike kuka an ƙwace miki ita ce ke jiranki, ke kuma kin ƙi ɗaga waya. Ban yi miki alkawarin zai zauna ba, wannan na Allah ne. Amma ki kira ta gobe. Ranar da aka sa miki, ki ƙwanƙwasa katakon nan sau biyu. Na san wadda za ta riƙe miki hannu a benci, ta tura ki ciki in kin fara maganar guduwa gida.

Allah ya sauke ta lafiya, ke kuma ya ba ki naki mai albarka.

Antinku