Mabuɗin Kabad

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɓerayenki na ɗakin bincike. Wai har yanzu albashi ake ba ki don ki zauna kina kallon ɓera yana cin abinci? Allah Ya ba mu irin aikinku.

Ɗiyarki ce ta sa ni ɗaukar biro. Jiya shugabar makarantarsu ta kira ni, na bar rigar mutane a kan keken ɗinki na tafi. An kama ta ta buɗe jakunkunan yara uku ta cinye abincinsu. An ce in ta sake, kora ce. Shekararta takwas, ta fi kowa a ajin tsawo da ƙiba, yara suna kiranta Rumbu.

Na sa wa kabad ɗin abinci kwaɗo, na rataya mabuɗin a wuya, kamar yadda aka yi a gidanmu. Na yi faɗa, na yi duka. Sai ta cinye faranti biyu ta dube ni ta ce, “Umma, wallahi yunwa nake ji.” Babanta ya ce makarantar kwana ce maganinta. Ke da kika yi wannan halin kina ƙarama, yaya aka yi kika daina?

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida maigidan da ɗiyata.

Ban daina ba, Yaya. Na dai koyi ɓoyewa. Yanzu haka da nake rubutun nan ban daɗe da cin abincin rana ba, kuma ina jin yunwa.

Idan mutum ya ci ya ƙoshi, wasu jijiyoyi a ƙwaƙwalwa suna sakin wani ɗan sinadari mai ɗauke da saƙon “ya isa haka”. Akwai mai karɓar saƙon, likitoci suna ce masa MC4R. In yana da lafiya, shi ke sa ki ture faranti, har da yadda jiki ke ƙona abinci yana da hannu a ciki. In an haifi mutum da shi a raunane, saƙon yana zuwa, ya yi ta sallama babu mai amsawa. Irin yaran nan kan yi saurin tsawo, shi ya sa maganarki ta tsorata ni. Shekara huɗu ke nan da na gwada jinina na ga nawa haka yake. Kin ji dalilin da nake zama gaban ɓeraye.

Gado ne, wataƙila daga Baba, Allah Ya jiƙansa. Ki kai ta babban asibiti da takardar da na haɗo, a gwada ku ke da ita da babanta. Kafin nan don Allah a ajiye bulala, a ajiye zancen makarantar kwana. Yarinyar ba ƙarya take yi ba.

Ƙanwarki

Auta,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da shirun wata biyu, fushi na yi. Na ce boko ya sa kin raɗa wa kwaɗayi sunan Turawa. Amma na kai ta, don ranar da wasiƙarki ta zo na tarar da ita a bayan ƙofar kicin tana lasar takardar burodi.

Sakamako ya fito. Tana da raunin da kika faɗa. Babanta ba shi da shi. Ni ce mai shi.

Likita ta rubuta wa makaranta, sun janye maganar kora. Ta ce babu allurar da za ta yi alkawarin warkarwa, sai tsari: lokutan cin abinci sanannu, yarinyar ta san ƙarfe nawa na gaba zai zo, kuma a daina kiranta ɓarauniya. Na maƙala jadawalin a bango kusa da kekena. Ta karanta ta ce, “Umma, ashe ba ni ce muguwar ba.” Zaren da na kasa sawa a allura ke nan har yamma.

Yayarki

Yaya,

Ina gaisuwa. Alhamdulillahi da maganar makaranta.

Kada ki ɗora wa kanki laifi, ba wanda ya zaɓi abin da zai gadar. Kuma abin ba ya kama kowa daidai. Akwai masu ɗauke da shi da ba su taɓa jin komai ba, ga ki nan shaida. Ke da Mama ta damƙa wa mabuɗin kabad kina shekara goma sha biyu saboda kamun kai, ai kin yi sa’a. Na daɗe ina ƙyashinki a kan haka, gara in faɗa. Har yau ban san yadda nake kaiwa ga gwangwanin madarar nan ba alhali kabad a kulle. Mama ta ce ni ce nake shanye madarar, na sha duka har na yarda.

Ki sumbatar mini goshin ɗiyata.

Ƙanwarki

Auta,

Ina gaishe ki, in kin yarda ki amsa.

Ba ki taɓa kaiwa ga gwangwanin nan ba. Mabuɗin a wuyana yake kwana. Ni ce nake shanye madarar, ina jin kukanki daga ɗaki ina goge baki. Ni ma yunwar nake ji, har yau, na dai riga ki iya ɓoyewa.

Ga mabuɗin kabad ɗina a cikin ambulan. Na faɗa wa ɗiyarki komai, ta tambaye ni ko na ba ki haƙuri. Na ce mata amsar tana hanya.

Yayarki