Kujera Ashirin da Uku

Zuwa ga jikata, amaryata ta ƙarshe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da mutumin nan da ya ƙwace mini ke. Yaya aiki? Ni dai gwiwa ce take ta yi mini gardama, sauran jikin da sauƙi.

Shafin da kika gina mini a intanet ya yi aiki. Kin ce gidan nan ya yi mini girma tun rasuwar kakarki, in daina hira da agogon bango, in kira abokan aikina na gidan waya mu sha shayi. To, na ji maganarki. Jiya na sa tabarau, na buɗe kwamfutar da kika bar mini. A shafin farko na ga sunayen da kika kwafo daga takardar ƙungiyar 'yan fansho, kowane da ɗan akwatinsa a gefe. Na danna su ɗaya bayan ɗaya, ashirin da uku. Ban tsallake kowa ba.

Na ƙarshen ne ya ba ni wahala. Kin tuna Hatimi, wanda na ce ki sa shi can ƙasa? Shi ne mai buga hatimi a kan wasiƙu, teburinsa yana jikin nawa. Wata rana aka bar jakar wasiƙu a tasha ruwa ya dake ta, na ce wa shugabanmu laifinsa ne, shi ma ya ce nawa ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan ko gaisuwa babu. Na daɗe da yatsa a sama, sannan na danna, don na san ba zai zo ba.

Da na wuce shafi na biyu, sunansa kaɗai na gani a sama. Ban damu ba. Ai in ka ɗaure wasiƙu da zare, ta saman kawai kake gani. Na rubuta cewa ina gayyata shan shayi ranar Asabar da ƙarfe huɗu, ba sai an ba da amsa ba, a zo kawai. Na danna, ya ce an aika.

Maƙwabciyata nas za ta aro mini kujeru. Ki yi mini addu'a biskit ya isa.

Kakanki mai ƙaunarki.

*

Jikata,

Bayan gaisuwa, ina fata murar da kika ce tana damunki ta sake ki. Ga labarin Asabar.

Tun ƙarfe uku nas ta jera kujerun, har baranda. Na sa kwat ɗina ta aiki, wadda yanzu mutum biyu irina za su shiga. Ƙarfe huɗu ta yi, huɗu da rabi ta wuce. Sau uku ina mayar da ruwan shayi kan wuta. Ba zan ɓoye miki ba, na zauna ina kallon kujerun nan, na ce ashe haka aka manta da ni. Har na fara cire maɓallan kwat.

Sai na ji sanda tana ƙwanƙwasa matakala. Hatimi ne. Ya ranƙwafa, gashi ya ƙare, amma hancin nan yana nan yadda na san shi. Ya tsaya a ƙofa riƙe da waya, ya ce sau goma ya karanta saƙona. Wai ya tambayi mutanenmu biyu, babu wanda ya samu, sai ya gane shi kaɗai na kira, don mu kashe maganar nan kafin a kashe mana fitila. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ji kaina ina tambayarsa cokali nawa na sukari.

Biskit ɗin mutum ashirin da uku, shi kaɗai ya ci na mutum huɗu. Muka tayar da maganar jakar, muka yi musu har nas ta leƙo ta ga ko lafiya. Daga ƙarshe muka tarar ba wanda ya tuna ko ranar aikin waye. Na yi dariya har sai da tari ya kama ni. Rabona da irin wannan tun kakarki tana raye.

Yanzu ki gaya mini, injiniya: ina wasiƙuna ashirin da biyu suka shiga? A zamaninmu da an kira ki ofis.

Kakanki.

*

Jikata, 'yar albarka,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki, tun da kin ce shi ya rarrashe ki. Kukan me kika yi? Ban yarda ba.

Bayaninki na karanta shi sau biyu, kuma na gane. Kin ce duk akwatunan nan ashirin da uku suna guda kika ba su, saboda haka da suka tashi ƙetarawa shafi na biyu, kowane ya ture na gabansa, na ƙarshe kaɗai ya isa. Mu ma muna da irinsa. In ka ba wasiƙu lambar akwati ɗaya, kuma akwatin guda kawai yake ɗauka, sai ta baya ta fitar da ta gaba. Kin ce maganin 'yan baka biyu ne masu kusurwa a ƙarshen sunan, su suke gaya wa shafin cewa jeri ne yake tafe, ba mutum ɗaya ba. Sannan kin yi wa jerin ma'ajiya, inda shafi na biyu zai je ya ɗauko shi cikakke. Wato kin ɗinka jaka. Da tun farko kin tambayi tsohon ma'aikacin gidan waya, da ya gaya miki ba a aika kaya babu jaka.

Amma gyaranki ya jefa ni cikin damuwa. Hatimi yanzu duk Talata yana zuwa, har ya zaɓi kofinsa. In na sake gayyatar sauran, dole maganar ta fito cewa kuskure ne ya kawo shi. Kwana huɗu ina juya abin, abinci ma ba ya shiga. Na ji tsoron in sake rasa shi, kuma ba ni da wata shekara talatin da ɗaya da zan jira.

Talatar nan na rufe ido na faɗa masa duka: cewa shi ne na ƙarshe a jeri, kuma na danna sunansa ne don na tabbata ba zai zo ba. Ya ajiye kofi, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce tun yana bakin ƙofa ya ƙirga kujerun. Mutumin da ya shekara talatin yana ƙirga wasiƙu, zai ga kujera ashirin da uku ya ce shi kaɗai aka kira? Wai yana neman dalilin zama ne kawai, ni kuma ya ga ina neman wanda zai zauna. Ya ƙara da cewa har yanzu ban iya aika saƙo ba, kuma wannan ya nuna waye ya bar jaka a ruwa.

A ranar muka buɗe shafin tare, shi yana karanta sunaye ni ina dannawa. Da muka ƙetara shafi na biyu, ga su nan reras, ya bi su da yatsa ya ƙirga, babu wanda ya faɗi a hanya. Na sake aika gayyatar shayi ta ranar Asabar, wannan karon na ce a ba da amsa. Mutum tara sun amsa, Direba ma, tsohon mai tuƙa motar wasiƙunmu, ya ce zai ɗauko uku.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki mayar da sunan Hatimi saman jerin. Ya ce in ba haka ba, biskit ɗin Asabar duka nasa ne.

Allah ya yi miki albarka.

Naki har kullum,
Kakanki, tsohon mai rarraba wasiƙu.