Kaskar Tsohuwar Maƙabarta

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Maƙwabcina tela ke rubuta mini, yana ƙorafin wai bakina ya fi kekensa gudu.

Tun shekarar da ambaliya ta cinye gada muka tashi daga tsohon gari, damina ba ta taɓa wucewa ban je na share ciyawar tsohuwar maƙabarta ba. Bana ma na je. Da na dawo na tarar da kaska maƙale a bayan gwiwata, 'yar mitsitsiya. Na cire ta na manta. Kaska nawa na cire wa shanu a rayuwata? Bayan 'yan kwanaki wurin ya yi jan zobe. Na ce makero ne, na yi ta goga masa toka da kananzir har ya ɓace, ina yabon kaina.

Sai zazzaɓi. Sai gwiwa ta kumbura kamar tulu. Yanzu in na sha ruwa, rabi ta gefen baki yake zuba. Da faɗa yayanki ya kai ni asibiti. Likita ta ce kaskar ce ta sa mini ƙwayar cuta a jiki, zoben nan kuma ba makero ba ne. Ta ba ni magani, ina sha, kada ki aiko mini da wa'azi. Ta kuma hana ni shiga ciyawa.

Auta, na gaji, irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa. Amma ba ita ke damuna ba. Kaburburan nan ba rubutu, duwatsu ne kawai, waɗanda suka san na wane da wane kuma duk sun riga ni. Saura ni. Shekaranjiya ina kwance ina jera su a kaina, daga na kakanki har gindin babbar bishiya, sai na tsaya cik: na mahaifiyarki, na hagu ne ko na dama? Sai da rana ta take ya dawo mini. Likita ta ce ciwon nan yakan taɓa tunani, amma zai sake ni. In bai sake ba fa?

Yayanki ya ce ai matattu ba sa zuwa ko'ina, in bari in warke. Na ce masa, "Su suna nan. Ni ne ban san inda kaina zai kai ba."

Gobe da safe zan cusa ƙafar wando cikin safa don kada kaska ta sami hanya, in hau bayan babur ɗinsa, ko yana so ko ba ya so. In ƙafa ta ƙi, ya goya ni. Zan nuna masa dutse bayan dutse, ya maimaita har su zauna masa.

Ki gaida yara, ki sa mu a addu'a.

Ni ne mahaifinki,
Baba na Shanu