Amsar da Na Soke da Jan Biro

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina.

Ni malami ne a wata sakandare a ƙasar Kusada, amma a Kankia nake zaune, kullum a kan babur nake zuwa. Ilimin aikin gona na karanta. Shekara huɗu da suka wuce aka canza wa malamin lissafinmu wurin aiki, firinsifal ya kira ni ya ce, "Malam, ai kai ma ɗan kimiyya ne, riƙe mana aji shida kafin a turo wani." Har yau ba a turo ba. Na karɓa, don a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma yawancin darussan ina lallaɓawa. Sai dai akwai irin tambayar da ake ba yaro zane, a ce ya kafa hujja mataki bayan mataki cewa abu kaza gaskiya ne, wadda yara ke ce wa furuf. Wallahi ban taɓa gane ta ba, ko lokacin ina ɗalibi. To me na yi? Sai in haddace ta daga littafi da safe, in shiga aji in rubuta a allo, ni in ja baki su amsa, kamar masu biya hadda. Ajina ya fi kowane aji amo, har malamai suna cewa ina ƙoƙari, ni kuwa ina karɓar yabon ba kunya.

Akwai wata yarinya daga wajen Kaikai, zan kira ta Rabi, ba sunanta ba ne. Ita kaɗai ke ɗaga hannu ta ce, "Malam, mi ya sa aka ja wancan layin?" Kullum amsata ɗaya ce, haka yake a littafi. Ran nan na ba su aikin gida, su kafa hujja cewa kusurwar tsakiyar da'ira ta ninka ta gefenta sau biyu. Kowa ya kawo haddarsa, ita kuwa ta kawo wata hanya daban, gajeriya, ta ja wani layi da babu shi a littafina. Na duba, na sake dubawa, ban gane komai ba, ga idon yara a kaina. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na zaro jan biro na soke takardar daga sama har ƙasa, na ce, "Ke kin fi wanda ya rubuta littafin sani ne? Iyayi zai kashe ki." Aji ya fashe da dariya, tun ranar suke kiranta Farfesa. Ita dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Yi haƙuri, Malam."

Ban mayar mata da takardar ba. Ranar Asabar na kai ta wurin wani tsohon malamin lissafi ɗan Kudu da ya daɗe a Kankia, mu ce Mista John, yana zaune a shagon matarsa. Ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa, ya ce, "Malam, wa ya soke wannan? Daidai ne, ya ma fi na littafi tsabta. Wanda ya soke bai san lissafi ba." Kun san me na ce? Na ce wani abokin aikina ne. Ƙarya a kan ƙarya, ina kallon idon dattijo.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Aka yi jarrabawar gwaji, tambayoyin ba ni na tsara ba. Furuf ɗin nan ya fito, amma an juya zanen, an canza haruffan daga A, B, C zuwa P, Q, R. Yarana suka zuba haddarsu da A, B, C, haruffan da babu su a takardar ma. Abin da ya karya mini zuciya, har da Rabi. Na kira ta gindin darbejiya na ce, "Ba ki ga an canza haruffa ba?" Ta ce, "Na gani, Malam. Na san yadda za a yi, amma na ji tsoro kar ya zama iyayi, shi ya sa na rubuta naka." Tun daga ranar abinci ba ya mini daɗi, ko a babur nake sai in ji maganarta a kunnena.

Yanzu saura mako uku jarrabawar kammala sakandare. Yarinyar nan tana son karatun aikin jinya, kuma sai da sakamako mai kyau a lissafi ake ɗauka. Mista John ya ce zai riƙa zuwa kowace Asabar ya koya musu, in dai abokin aikin nawa ya yarda. Amma in na kawo shi, ranar farko zai gane waye abokin aikin, firinsifal zai san me na shekara huɗu ina yi, yara za su kai labari har gidajensu, iyayen da ke tsayawa su gaishe ni a kasuwa su ji. In kuma na yi shiru, na san yadda takardunsu za su kasance, domin na riga na gani. Jiya na tsaya gaban allo da niyyar in ce, "Rabi, ke ce da gaskiya," sai na ji bakina yana jan hadda, suna amsawa, har da muryarta. Jama'a, don Allah, me zan yi?