Wayar da Kuka Yanke a Bayan Katanga

Zuwa ga Manajan kamfanin fatar da muke katanga ɗaya da shi a Challawa.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ku da iyali.

Ni ce matar tsohon ma'aikacinku da ake kira Baba Mai Tukunya, don shi ya kula da tukunyar tururi tun kafin zuwanku. Na yi ta zarya ƙofarku har masu gadi sun gane mayafina, ba a bar ni na shiga ba. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya zama shaida.

Na farko, ciwon. Maigidana mai minshari ne tun aurenmu, har abokan aikinsa na tsokanarsa wai ya fi injin kamfani ƙara. Ni kuwa in minsharin ya yanke sai in ce alhamdulillahi, yau zan samu barci. Ashe a cikin wannan shirun numfashinsa ne ke tsayawa. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, yana haki tsakanin ɗaki da zaure, likita ta ce zuciyarsa ta gaji. Ta ce duk lokacin da numfashin ya tsaya, iskar jikinsa na yin ƙasa, zuciyar ta zabura ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Ba ta ɓoye mana ba: mai raunin zuciya da ke fama da wannan, in ba a kula ba, ya fi saurin komawa gadon asibiti, ya fi saurin tafiya. 'Ya'yansa suka haɗa kai suka sayo na'urar da ke hura masa iska ta hanci in ya kwanta. Da wuta take aiki.

Na biyu, wayar. Lokacin da aka gina kamfanin nan a kan gonakin iyayenmu, mai shi na farko, Allah ya jiƙansa, ya ja waya ta saman katanga ya ba masallaci da gidajen da ke bayanku wuta. Ba a rubuta ba, magana ce ta dattawa. Da ita na'urar ke aiki, kumburi ya sauka, har maigidana ya koma zuwa jam'i da ƙafarsa. Bayan babbar salla ma'aikatanku suka kafa tsani suka yanke ta, wai satar wuta muke yi. Wutar gari kuwa kun san ta, baƙuwa ce. Batirin da muka gwada ba ya kai rabin dare.

Na uku, janareta. Kun dawo da shi jikin katangar ɗakinmu. Da na'ura ta tsaya ni na maye gurbinta: in kasa kunne, in minshari ya yanke in girgiza shi. Yanzu ƙarar ba ta bari in ji komai, sai dai in ɗora tafin hannu a ƙirjinsa. Amma barci ɓarawo ne. Rannan ya sace ni, na farka na tarar leɓɓansa sun yi duhu. Da ya farfaɗo cewa ya yi, "Hajara, ki kwanta. Gadi ba ya ƙara kwana." Kumburin ya dawo, ya wuce gwiwa. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji.

Roƙona ku mayar da wayar, ko da gidanmu kaɗai ne. In hakan ya gagara, ku matsar da janareta, in riƙa jin numfashin mijina. Gaskiya ban sa rai da ko ɗaya ba.

Saboda haka ga na ƙarshe, wanda ba zai rage ku da komai ba. Ranar da kuka ga an ajiye makara a ƙofar masallacin bayan katangarku, ku sa a kashe janaretan na ɗan lokaci, mutane su ji kabbarar liman.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku barci mai daɗi, ya sa kada ku san irin nawa.

Wassalam.

Hajara, matar Baba Mai Tukunya,
Bayan katanga, Challawa.