Alkaki Talatin da Uku

Beltsville, 21 ga Yuli, 2023

Zuwa ga yayata Ɗija,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara, da gwiwar nan taki da ba ta shiri da damina. Mu nan Amurka kalau, sai zafi.

Yaya, shekara biyu ke nan rabon ɗiyar nan taki da gidanmu, tun da ta auri yaron nan ɗan Indiya mai addinin Hindu, mai gidana Ladan ya rantse ba shi ba ita. Na ce ɗiyarki don kin san ta fari ce, bakina bai taɓa kama sunanta ba. Germantown inda suke tafiyar minti arba'in ce a mota, amma a wurina ta fi Maraɗi nisa.

Shekaranjiya na yi kiciɓis da uwar mijin, Shubhada, a shagon Indiyawa inda nake sayen tsamiya. Na so in laɓe bayan buhunan shinkafa, ashe ta riga ta hango ni. Surutu gare ta kamar rediyo, amma ba ta da mugun nufi. Ta ce a lissafinsu akwai wani wata na ƙari, Adik suke ce masa, sau ɗaya yake zuwa cikin kusan shekara uku, kuma yanzu ana cikinsa. Ba a ɗaura aure a ciki, ba a tarewa a sabon gida, sai azumi da sadaka da kunna fitila. A yankinsu kuma a watan ne uwar mace take kiran ɗiyarta da surukinta, ta ciyar da su, ta ba surukin soyayyen kayan zaƙi guda talatin da uku a faranti. Ta ce ɗanta ya san ba mai kiransa, shi ya sa yake yin shiru in abokansa suna labarin nasu.

Ai wannan gara ce, Yaya, garar da ban kai ba. Fitilarsu da addu'arsu ba ruwana, amma ciyar da suruki ban ji inda aka hana ba. Ladan zai ja babbar mota zuwa Texas ranar Alhamis, kwana biyar. Na aika wa ɗiyarki da mijinta su zo. Ki tuna min yadda Inna take tsima ƙullun alkaki, na manta.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Atine

Beltsville, 1 ga Agusta, 2023

Yaya Ɗija,

Ina gaisuwa, ya jiki, ya yara? Ni dai lafiyar jiki ce kawai da ni.

Sun zo ranar Asabar da azahar. Alkakin ya yi kyau, ya sha zuma, na jera a farantin tangaran na ajiye a falo. Yaron ya sa doguwar riga fara, ya cire takalmi tun daga ƙofa. Ina ɗaga kai sai na ga ya sunkuyo zai taɓa ƙafata, ashe haka suke gaida manya. Na yi tsalle baya, na ja mayafi na faɗa kicin. Daga bayan ƙofa na yi masa sannu da zuwa, kaina a ƙasa, yadda Inna ta yi wa Malam ɗinki har ta bar duniya. Ni a zatona duk girman da nake da shi na ba shi.

Sa'a guda suna zaune. Ina leƙe, ya ɗora hannu a gwiwa, bai taɓa farantin ba. Sai daga baya Shubhada ta gaya min a waya cewa uwar matar ce take miƙa wa surukin da hannunta, in ba haka ba ba a ɗauka.

Ɗiyarki ta biyo ni kicin. Yaya, ciki ne da ita, har ya fito. Zuciyata kamar ta fashe don murna, amma cikin fari ne, sai na kau da kai na kama wanke tukunyar da na riga na wanke. Ta daɗe a tsaye. Da Turanci ta yi magana, ta ce da ta san wulaƙanci na kira mijinta in yi masa, da ba ta roƙe shi ya zo ba. A nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin yadda ake surukuta ba, ni kuma ban taɓa zaunar da ita na gaya mata ba.

Sun tafi sun bar min farantin. Na rarraba wa maƙwabta kafin Ladan ya dawo. Ki sa ni a addu'a.

Taki, Atine

Beltsville, 17 ga Agusta, 2023

Yaya,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Na ji saƙonki, na gode da lallashi.

Jiya watan nasu ya ƙare. Na soya wani alkakin da safe, na ce wa Ladan asibiti zan je, na tuƙa har Germantown. Ɗiyarki ce ta buɗe ƙofa, mijin yana tsaye bayanta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce abu ɗaya take so: in dube shi in kira sunansa, in dube ta in kira nata, sai in shigo. Ta ce shekara ashirin da bakwai tana jin ina kiran ƙannenta da sunansu, ita kuwa sai “ke”.

Wallahi na buɗe baki. Na san sunayen, suna kan harshena, amma suka ƙi fita, idona ya koma kan takalmina. Sun jira ni, ba zan ce ba su jira ba. Daga ƙarshe na ajiye farantin a ƙasa. A hankali ta rufe ƙofar.

Watan ba zai dawo ba sai jikana ya yi wayo, kuma ban ga dalilin da zai sa su sake amsa kirana ba. Na rasa ɗiyata, Yaya, kuma wannan karon ba Ladan ne ya kore ta ba. Ke da bakinki yake iya kama sunanta, ki kira ta a waya, ko za ta saurare ki.

A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi, na rufe gilashi, na gwada ni kaɗai. Sunanta ya fita sarai, har sau uku.

Allah Ya sada mu da alheri.
Ƙanwarki, Atine