Ƙafar Keken Baba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ka gaida min Inna, ka ce mata ina cin abinci, don na san shi za ta fara tambaya.

Ka ga wasiƙa ko? Kada ka yi dariya. Nan inda aka turo ni waya ado ce kawai. Sai ka hau dutsen bayan asibiti ka ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa, sannan ta ce maka babu sabis. Direban da ke kawo mana magani shi ne gidan wayarmu, ya ce shagon ɗinkinka a kan hanyarsa yake.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Ni ce ungozoma, ni ce mai allura, ni ce mai shara duk ranar da mai shara ta yi fushi. Damuwata ita ce mutanen ba a kusa suke ba. Gidaje ne a warwatse bayan duwatsu, mai naƙuda kuwa ba ta hawa dutse. Babur ɗin asibiti ya mutu tun kafin in zo, kaji ke kwana ƙarƙashinsa. Da ƙafa nake zuwa. Kwanan baya aka zo kirana da hantsi, kafin in isa rana ta karkata. Na tarar matar ta haihu ita kaɗai, jini ya ƙi tsayawa. Allah ya sa na riske ta da sauran numfashi. Yaya, ba na so in sake isa a makare.

Keken marigayi Baba na aikin gandun daji, mai giyar canza gudu da manyan tayoyi, yana nan rataye a ɗakin ajiya? Don irin wannan hanya aka yi shi. Ka sauko da shi, a sa masa iska, ka ba direba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, duk muna lafiya. Inna ta ce in tambaye ki wane irin abinci, kuma wa ke dafawa.

Kin ce "a sa masa iska" kamar wadda ta ajiye shi jiya. Na sauko da shi. Tayoyin sun tsage kamar kaushin dunduniya, da na matsa ɗaya sai ta marmashe a hannuna. Sarƙa ta ƙage, ta zama sanda. Ɓera ya cinye rabin sirdi. Na kama birki, wayar ta tsinke ta bar ni da mariƙi a hannu. Zanzaro har ya yi gini a jikin giya.

Duk da haka na tura shi wurin Dogo, mai gyaran keke na kwanar layinmu, don kada ki ce ban gwada ba. A raina ina addu'ar ya ce min ya mutu. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa jikinsa da sifana, ya kasa kunne, sai ya ce, "Tela, wannan ƙarfen ya fi mu lafiya ni da kai. Kayan jikinsa ne suka tsufa." Na ce, "Ka duba da kyau, mace ce za ta hau, kan dutse." Ya ce, "Dutse bai san mace ba, birki ya sani."

Yanzu ki saurare ni. Rabonki da keke tun kina sakandare, a kan hanya shimfiɗaɗɗiya, kuma ko a lokacin sai da kika shiga katangar maƙwabta. Baba ya fi ki tsawo nesa ba kusa ba, ƙafarki ba za ta taɓa ƙasa ba. Idan kika faɗi a bayan dutse, wa zai gan ki? Wa zai ɗauko ki? Ke ce asibitin gaba ɗaya, wa zai duba ki? Tun da na karanta wasiƙarki na ɗinka wa wani mutum hannun riga a baibai.

Shawarata ki rubuta wa shugabanninku su gyara babur ko su dawo da ke kusa. Ban faɗa wa Inna maganar keke ba, kin san hawan jininta.

Allah ya tsare ki.
Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ka ba mai hannun riga haƙuri a madadina.

Na rubuta wa shugabanni tun makon da na zo. Sun ce suna dubawa. Ina jin har yanzu dubawar suke yi.

Bari in gaya maka gaskiya, tunda ka ce ƙafata ba za ta taɓa ƙasa ba. Na riga na fara hawa. Akwai mai gawayi a nan da ke ara min kekensa ranar da ba kasuwa. Ba shi da giya, ba shi da birki ko ɗaya. Na tambaye shi yadda yake tsayawa, ya ɗaga ƙafa ya nuna min silifas ɗinsa, ƙasan ya cinye har ana ganin dunduniya. Haka nake yi ni ma. In gangara ta yi tsanani sai in diro in bi shi da gudu. Jiya jakar aikina ta faɗo, kwalaben allura biyu suka fashe.

Ban faɗa maka don in tayar maka da hankali ba. To, na ɗan faɗa don haka. Zancen ba na in hau ko kada in hau ba ne, Yaya. Zancen wane keke zan hau. Ka zaɓa min.

Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Allah ya shirye ki. Ki mayar wa mai gawayi kekensa yau ɗin nan, kada ki ƙara taɓa shi. Ga na Baba nan tare da direba. Ki karanta wannan takarda har ƙarshe kafin ki ɗora ƙafa a kai.

Na rufe shago na tare a rumfar Dogo har sai da ya ce in ko dai in kama aiki ko in daina tsaya masa a ka. Na kama aiki. Mun kwance shi ɗaiɗai, muka wanke komai da kananzir. Sandar sirdi ce ta ba mu wahala, tsatsa ta haɗe ta da jikin keken, in kuwa ba ta sauka ba, ba ki da keke. Kullum in ɗiga mata man keken ɗinki, mu murɗa, ta ƙi. Dogo ya ce a gasa ta da wuta, na ce kada ƙarfen ya yi laushi. Ranar da ta yi ƙara ta juya, sai da na zauna a ƙasa.

Sarƙa sabuwa ce. Tayoyi sababbi, masu manyan haƙora, an ce su ne na laka. Boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin ƙafafu da feda, duk an canza an cika da giris. Giyar baya mun sa mai babban faranti, yadda za ki hau tudu kina zaune, ko da a hankali. Idan za ki canza giya ki sassauta taka feda, kada ki murɗa da ƙarfi kamar yadda kike buɗe kwalba. Na sa an ɗaura kariya ta ɗora kaya a baya, na ɗinka miki jakunkuna biyu na tamfol, da soso a ciki da aljihu ga kowace kwalba.

Birki shi ne abin da ya hana ni sukuni. Mun cire tsohon gaba ɗaya muka sa irin na zamani. Dogo ya ce ya yi. Na ce ban yarda ba sai na gani. Na ɗaura buhun yashi a kariya na tafi gangaren bayan makarantar firamare, ni da rabona da keke tun kafin in yi aure. Masu shaguna suka fito kallo. Na sako shi, iska ta cika min riga, hulata ta tashi, na damƙe birkin gaba da dukan ƙarfina. Ƙafar baya ta ɗaga sama, na ga ƙasa tana zuwa wurin fuskata. Ban faɗi ba dai. Antinki ta ce da ta sani da ta zo da kujera ta sha kallo.

Don haka ki ji da kyau: na gaba yana da kaifi ƙwarai. Ki fara kama na baya, sannan na gaba a hankali. A gangara ki ja jikinki baya. In an yi ruwa, ki sauka ki tura. Akwai hular kwano a cikin jaka, ban damu ko ta yi miki kyau ba. Famfo da faci da sifana suna ƙarƙashin sirdi.

Inna ta ga keken a tsakar gida yana ƙyalli. Ta daɗe tana kallonsa, ta shafa sirdin, ta ce, "Wa zai hau?" Na ce wani ma'aikacin asibitinku. Ban yi ƙarya ba, amma ban iya kallon idonta ba.

Ki riƙa rubuto min duk zuwan direba, ko layi ɗaya ne.
Yayanki

*

Yayana na kaina,

Gaisuwa da godiya buhu-buhu. Wannan ba keke ba ne, doki ne! Tudun da nake hawa ina haki ina tsine wa wanda ya turo ni nan, yau a zaune na hau shi. Gidan da ke cin min rabin yini, na je na dawo ban rasa azahar ba. Ko kwalba ɗaya ba ta yi motsi ba. Matan nan sun yi ta taɓa jakunkunan suna tambayar wa ya ɗinka, na ce wani tela ne mai yawan faɗa.

Ina sa hular. Na yi kama da tukunya, amma ina sawa. Damina ta kankama, hanya ta fara santsi, ina kula.

Auta

*

Auta,

Sallama. Don Allah ki amsa min.

Direba ya zo sau biyu babu takardarki. Ya ce rafin da ke gabanku ya cika, mota ba ta haurawa, a bakin ruwa yake sauke kaya. Na daure. Yau ya shigo shago riƙe da ƙafar gaba ta keken. Auta, ta lanƙwashe kamar an naɗe tabarma, wayoyinta sun tsintsinke, akwai busasshiyar laka har cikin boris. Na ce ina mai keken? Ya ce wani mutum ne ya hauro ruwa da ita a ka, ya miƙa masa ya ce a kai wa tela, ya juya. Na ce ba ka tambaye shi ba? Ya ce ruwa na ƙara, ba ya jin abin da mutumin ke cewa.

Na kai wa Dogo. Ya kalle ta, ya kalle ni, bai yi wasan da ya saba ba. Ya ce, "Wannan da gudu aka yi." Tun sannan nake tambayar kaina ko birkin nan ne, ko ni na ɗaure shi fiye da kima. Na ɓoye ƙafar a ƙarƙashin teburin yanka. Inna ta tambaye ni me ya sa ba na cin abinci.

In kina iya riƙe biro, ki rubuta. In ba kya iyawa, ki sa wani. In direba ya dawo hannu sake, zan biyo shi in haura ruwan nan, ko da ban iya iyo ba.

Yayanki

*

Yaya,

Ina raye. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi. Na ba mutumin saƙon baki cewa ina lafiya, ashe ruwa ya cinye saƙon. Kada ka zo.

Ba birkinka ba ne. An kira ni wurin wata mai naƙuda bayan an ɗauke ruwa. Na san ka ce in sauka in tura, ban sauka ba, sauri nake. A wata kwana mai gangara na yi kiciɓis da wata mata da itace a ka da goyo a baya, hanyar kuwa ta mutum ɗaya ce. Na kama na baya, na kama na gaba, suka riƙe, dutsen ne ya zame da ni. Ko in buge ta ko in faɗa rami, na zaɓi rami. Ƙafar gaba ta shige tsakanin duwatsu biyu, ni na wuce ta sama. Hular ta tsage gida biyu. Kaina ƙalau. Wuyan hannun dama ne ya goce, na ɗaure shi, yana sauƙi.

Matar ta jefar da itacenta ta ɗauki jakunkunan, muka ƙarasa da ƙafa. Na karɓi haihuwar da hannu ɗaya da baki, surukar mai jego ta zama hannuna na biyu. Mace aka samu.

Yanzu ga abin da nake roƙo: wata ƙafar gaba. A gida mafi nisa akwai wata da cikinta ya tsufa, ɗan kuma a gicciye yake. In ta fara, dole in isa da wuri. Kafin lokacin hannuna ya warke. Sauran keken lafiyarsa lau, yana jingine a baranda da ƙafa ɗaya. Na san abin da na sa ka a ciki. In ka ce ba za ka aiko ba, wallahi ba zan yi fushi ba. Zan tafi da ƙafa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Alhamdu lillahi.

Ga ƙafa nan, sabuwa, wadda ta fi waccan kauri. Ga wata hular. Dogo ya ɗaure wayoyin, ni na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na faɗa wa Inna komai. Ta yi kuka, ta yi min faɗa, ta yi miki wanda zan adana har ki zo. Da direba ya iso na tsaya a ƙofar shago riƙe da ƙafar, na kasa miƙa masa. Ita ta karɓe ta daga hannuna ta sa a mota.

Allah ya sauki matar lafiya. Ki isa da wuri.

Yayanki